Lambobin Marigayi Mai Famfo

Ruwa ne ya fara tona zancen. Ranar Laraba Tela ya buɗe shagonsa da ke ƙasan bene, ya tarar silin na zubar da hawaye, ɗis, ɗis, daidai kan teburin da yake yanka yadi. Ya sa bokiti. Kafin Juma'a bokiti ya zama uku, har da kwanon da yake tara maɓallai. Shi kuwa Tela mutum ne da in sauro ya cije shi sai layin nan kaf ya ji labari, balle ruwa. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ja shi ya nuna masa sama, ya ce, "Ka gani ko? Daga wajen Inna yake zuwa."

Inna ita ce ke zaune a saman shagon, ɗaki biyu da kicin da banɗaki. Shekararta ashirin da shida a wurin. Mijinta, Mai Famfo, Allah ya jiƙansa, shi ya ja wa gidan ruwa da hannunsa tun siminti bai gama bushewa ba, ya binne bututu a cikin bango aka shafe da filasta. Ya rasu shekara huɗu ke nan, ya tafi da sanin inda kowane bututu ya bi. Inna ta duba kicin, ta duba banɗaki, ta leƙa ƙarƙashin gado. Ba ta ga ruwa ba. Gindin dogon bangon da ya taso daga kicin ya zarce har ɗakin kwananta ne kawai ya ɗan yi sanyi, fenti ya kumbura kamar fatar da ta sha zafi.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Mai Bene, mai gidan hayar, da makullai a hannu yana kaɗa su. Bayansa wani kakkauran mai gyaran famfo ne da ake kira Guduma, don shi sai ya fasa yake tambaya.

"Inna, an tashi lafiya?" in ji Mai Bene, idonsa na kan bango. "Abin nan ba wuya. Wannan bangon za a sassaƙe tun daga kicin har ƙurya, a nemo inda ya fashe. Ki ɗan koma wajen 'yarki na sati biyu, in an gama sai ki dawo."

Inna ta dubi makullan da ke hannunsa. Kowa a gidan ya san sati biyun Mai Bene. Matar hawa na sama da aka ce ta ɗan matsa a gyara mata taga, yau shekara uku ke nan, wani mai sayar da kayan waya ne ke jibge kwalaye a ɗakinta. Tsohon direban da ke kusa da ita ma haka, rufi aka ce za a duba masa. Mai Bene ya daɗe yana auna ɗakunan Inna da ido, wai ofis yake so ya mayar da su. In ta sa ƙafa waje, kwaɗo ne zai bi bayanta.

"Ranka ya daɗe, ba za a nemi wurin kawai a fasa ba?"

"A nema da me? Guduma, kana ganin cikin bango?"

"Ni dai guduma nake gani da ita," in ji Guduma.

Ana cikin haka Auta ta fito daga ɗaki, da ƙura a gwiwarta, riƙe da wani littafi mai baƙin bango da ta zaƙulo daga akwatin kayan aikin ubanta. Auta ita ce ƙaramar 'yar Inna, malamar lissafi ce a babbar sakandare, tun tana ƙarama ba a gama mata magana ba ta gyara ba. Ta buɗe wani shafi ta ɗaga.

"Ba sai an rushe komai ba. Baba ya rubuta."

Inna ta leƙa. Karatunta bai wuce ta gane sunanta da lambar motar haya ba, amma rubutun mijinta ta san shi, mai kwanciya gefe ɗaya kamar ciyawar da iska ta bi. A saman shafin ya zana makunnin ruwa ya kewaye shi, ya rubuta "nan farko". Ƙasa kuma layi huɗu ne, kowane layi lamba uku. Na farko: sifili, sifili, biyu. Na biyu: huɗu, sifili, sifili. Na uku: sifili, ɗaya da rabi, sifili. Na huɗu: sifili, sifili, sai ɗaya da ɗan kara a kwance gabansa. A gefen na huɗun ya yi tauraro, ya rubuta, "haɗin nan ban yarda da shi ba."

Mai Bene ya karɓa ya juya shi sama da ƙasa, ya mayar. "Wannan ai lambar waya ce da ba ta cika ba."

"Matsayin kowane haɗi ne," in ji Auta. "Ka ba ni dama in nuna wurin, a fasa nan kaɗai."

Mai Bene ya yi wani murmushi irin na wanda ya riga ya san ƙarshen wasa. "To Malama. Rami uku na ba ku, kowanne kada ya wuce faɗin faranti. In na uku ya fito a bushe, Litinin Inna ta haɗa kayanta." Ya jawo kujerar roba ya zauna a bakin ƙofa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Auta ta ja uwarta kicin, ta tsayar da ita a kusurwar da makunnin ruwa yake, can ƙasa kusa da ƙofar shigowa.

"Inna, ki saurara, abu ne mai sauƙi, makon nan ma na koya wa 'yan ajina. Duk abin da ke cikin gidan nan lamba uku ta ishe shi. Daga wannan kusurwa za ki ƙirga: nawa gaba, nawa dama, nawa sama. Kin ga ƙwan fitilar can? Biyu gaba, ɗaya dama, uku sama. Ba wani abu a duniya da ke da wannan lambar sai shi."

"To in an canza ƙwan fa?"

"Wurin ne mai lambar, ba ƙwan ba."

"Wurin da ba kowa a ciki ma yana da lamba?"

"Yana da ita. Kan hancinki ma yana da tasa."

Inna ta taɓa hancinta. Ta ɗan matsa gefe ta sake taɓawa. "Yanzu fa?"

"Ta canza."

"Ikon Allah. Ashe tun safe lambobi nake ta zubarwa a gidan nan ban sani ba." Ta dubi ƙwan fitila, ta dubi kusurwa, kanta ya ɗaure tamau. Abu ɗaya dai ta riƙe: yarinyar nan ta yi makaranta shekara goma sha bakwai, ba za a ce duk a banza ba.

Auta ta sa yatsa a layin tauraro. "Sifili gaba, sifili dama, sai ɗaya da alamar ragi. Ragi a wajen sama yana nufin ƙasa. Wato daga makunnin nan a nutsa mita ɗaya."

"A nutsa ina? Ai daɓe ne."

"Ƙarƙashin daɓen."

"Ƙarƙashin daɓen ai Tela ne."

"Shi ya sa ruwan yake zuba a wajensa! Kin gani? Lissafi ba ya ƙarya."

Haka aka ɗunguma ƙasa, Guduma a gaba, Auta da tef ɗin awo, Inna na bin matakala a hankali tana dafa bango, Mai Bene na biye da kujerarsa a hannu. Tela na ganinsu ya miƙe, tef ɗinsa rataye a wuya.

"Lafiya? Na ce a tsayar da ruwa, ban ce a kawo mini taro ba."

Auta ta hau benci ta auna, ta cire kaurin daɓe, ta yi gicciye da alli a kusurwar shagon, daidai bayan kantar da Tela ke jera ɗinkin mutane.

"A'a, a'a, a'a! Malama, nan kayan amarya ne, gobe za a karɓa!"

"Ka kwashe mana."

"In kwashe in kai ina? Can ruwa, nan guduma. Inna, ki yi wa 'yarki magana."

Inna ta dubi gicciyen allin. Me za ta ce? Ita dai a iya saninta mijinta bai taɓa shiga shagon nan da bututu ba, don lokacin ma wurin ajiye siminti ne. Amma shekara ashirin da shida ba kwana ashirin da shida ba ce, ƙila ita ce ta manta. Ta taya Tela kwashe kaya, ta rungume rigunan amarya a ƙirji kamar jariri.

Guduma ya tofa yawu a tafin hannu ya fara. Bugu shida, filasta ta zube, bulo ya buɗe. Ya zura hannu har gwiwa, ya laluba sama, ya laluba ƙasa, ya fito da hannun fari fat da ƙura. Ya busa.

"Ko gizo-gizon da ke ciki ƙishirwa yake ji."

"Ɗaya," in ji Mai Bene daga kan kujera.

Tela ya dubi ramin, ya dubi silin da ke ci gaba da ɗiga abinsa, ya ce, "Madalla. Da ruwa kawai nake da shi, yanzu na samu taga."

Suka koma sama. Auta ta zauna a bakin gado da littafin a cinya, tana cizon bayan biro. Inna ta tsaya a kanta tana kallon ƙeyarta, irin ta uban sak, har yadda take karkata kai in abu ya cije.

"Auta, ko dai mu ba shi haƙuri?"

"Inna, don Allah ki bar ni in yi tunani." Ta yi zane a bayan wata takarda, layi uku da suka fito daga wuri guda, ɗaya ya miƙe, ɗaya ya kwanta, ɗaya ya karkace. Ta rubuta wasu haruffa a bakin kowanne. "Na gane. Baba bai rubuta sunan kowane layi ba. Ni na ɗauka ta ƙarshe ita ce sama. In shi da sama yake farawa fa, ya ƙare da gaba? Kin ga ke nan ragin ba ƙasa yake nufi ba, baya yake nufi."

"Ɗazu kin ce ƙasa."

"Ɗazu na jera su ba daidai ba."

"To lambar ba ita ce ɗin ba? Ɗaya ce da kara a gabanta."

"Ita ce, amma ma'anarta ta dogara da layin da take kai."

Inna ta zauna a hankali. Lamba ɗaya, ɗazu tana shagon Tela, yanzu ta hauro bene ta koma baya, alhali tana nan a takarda ba ta motsa ba. Ta tuna hancinta. Ta ji kamar gidan ne gaba ɗaya aka ɗora a faifai ana juyawa.

Mita ɗaya baya da makunni ya fitar da su waje, barandar matakala, inda dogon bangon ya zarce. Auta ta durƙusa ta yi gicciye a gindin bango. Guduma ya karkata kai ya dubi wurin.

"Malama, bayan nan fa ɗakin Nas ne."

"Bututun a tsakiyar bango yake, ba za ka kai can ba."

Nas maƙwabciyar Inna ce, a asibiti take aiki, ranar ta dawo da safe ta rufe ƙofa ta ce ko gobara ake kada a tashe ta. Guduma kuwa ba a banza aka sa masa sunan ba. Bugu na biyar ƙarfen ya shige gaba ɗaya, aka ji wani abu ya faɗi ta ciki, tangaran, ya tarwatse. Sai ga ido ɗaya a cikin ramin, ja wur, yana kallonsu.

"Wane ne?"

"Mu ne, 'yar nan," in ji Inna da ƙaramar murya. "Bututu muke nema."

"A ƙarƙashin gadona?"

Ƙofa ta buɗe, Nas ta fito da ɗankwali a karkace, riƙe da hannun kofin shayi, don hannun ne kawai ya rage. Ta dubi Guduma daga sama har ƙasa. "Kai, in ka sake taɓa bangon nan, allurar da zan yi maka sai ka yi wata kana kwana a tsaye." Ta juya ga Inna ta sassauta. "Inna, ba da ke nake ba." Amma ba ta koma ciki ba. Wa zai koma barci ya bar wannan kallo? Ta jingina da ƙofa.

"Biyu," in ji Mai Bene. Har ya fara waya da wani yana tambayar kuɗin fentin ofis, da ƙarfi, don a ji.

A kicin Auta ta tsaya ta juya wa kowa baya. Inna ta ga kafaɗunta na rawa kaɗan. Ta san ba ramukan ne kaɗai ke cin yarinyar ba. Tun rasuwar uban take cewa ita ce ta gaji kansa, ita kaɗai ke gane shi a gidan. Yau ga rubutunsa a hannunta, ya ƙi yi mata magana.

Inna ta dubi kicin ɗin. Ƙusar da take rataye matsami, tabon da tukunya ta yi a kan kanta, tagar da take leƙen duk wanda ya shiga shagon Tela da wanda ya fito da abin da ya riƙo. Gidan Auta da ake so ta koma a hawa na biyar yake, taga na kallon bangon wani gini. Me mutum zai gani a can?

"Saura ɗaya," in ji Auta, ta share fuska da bayan hannu. "Zan auna duka huɗun in ga ko za su yi ma'ana, kafin a taɓa komai. Inna, riƙe mini bakin tef ɗin a kan makunni. Ki danne. Kada ki motsa daga nan, komai daga nan ake aunawa."

Inna ta durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ta danne ɗan ƙarfen bakin tef da babban yatsa. Sanyin ƙarfen ya shiga yatsanta. Auta ta ja tef ɗin sama yana kuka, ƙiiii, ta miƙa hannu ta yi alama a bango.

"Sifili, sifili, biyu."

Inna ta saki makunni, ta dafa bango ta miƙe, ta kai bakin tef ɗin wajen alamar, tana ɗage.

"Inna! Na ce kada ki motsa!"

"Au." Ta koma ta durƙusa. Ita kanta ba ta san abin da ya tashe ta ba.

Auta ta ja tef ɗin ta bi gindin bango, ta wuce ƙofar ɗaki har ƙurya. "Huɗu, sifili, sifili." Ta waiwayo, sai ta ga uwarta a bayanta, ta biyo ta tiƙis-tiƙis da bakin tef a hannu, tef ɗin ya yi laushi yana jan ƙasa.

"Inna, don girman Allah! Wasa muke yi? In kin bar kusurwar ai duk awon ya lalace!"

"To ni na sani? Ƙafata ce ke tafiya." Inna ta tsaya tsuru-tsuru, ga Nas da Tela da Guduma sun cika ƙofa suna kallo. Kunya ta kama ta, sai ta koma faɗa. "Ke ce dai kike yi ba daidai ba. Ubanki ba ya barin mutum a durƙushe kamar mai neman gafara. In ya auna sai ya ce matso."

"Ya ce me?"

"Matso. Ya auna, ya rubuta, ya ce matso, in je in riƙe a inda ya tsaya. Daga nan ya sake ja."

Auta ta saki tef ɗin ya koma gidansa, fat. "Ke kika riƙe masa?"

"Da wa zai riƙe masa? Abokin aikinsa ya tafi ɗaurin ƙafa, ya faɗo daga tsani. Abinci na kawo masa ya maƙale ni. Da cikinki wata bakwai ya ɗora ni kan gwangwanin fenti, hannuna a sama kamar mai shanya, yana ta waƙarsa: gaba babu, dama babu, sama biyu, matso. Gaba huɗu, dama babu, sama babu, matso. Har na ce masa in na faɗo shi zai haifi cikin."

"Gaba, dama, sama. Haka yake faɗa? Kullum a haka?"

"Ko a barci."

Auta ta dubi littafin, bakinta a buɗe. "Wayyo ni. Ba matsayi ba ne. Kibiyoyi ne."

"Kibiya kuma? Ubanki bai taɓa farauta ba."

"A lissafi, Inna. Lamba uku tana iya gaya miki inda abu yake daga kusurwa. Tana kuma iya gaya miki tafiyar da za ki yi daga inda kike tsaye, ta wace fuska, kuma nawa. Wannan ta biyun ita muke zanawa da kibiya. A takarda kamarsu ɗaya. Baba tafiyar bututun ya rubuta, gaɓa bayan gaɓa, kowace ta fara daga inda ta baya ta ƙare. Ni kuma na mayar da kowace kusurwa. Haɗa su ake yi!" Ta ja layi a ƙarƙashin lambobin tana tarawa da sauri. "Gaba huɗu. Dama ɗaya da rabi. Sama biyu a cire ɗaya, saura ɗaya."

Inna ba ta gane ko ɗaya ba. Ɗazu lambobi wuri ne, har da na hanci, yanzu sun zama tafiya, ga kuma kibiya ta shigo. Ta ce, "Ni dai ban yarda da tarawar nan ba. Sau biyu kina tarawa ana fasa ɗakin mutane. A bi shi da ƙafa yadda ya yi."

Aka bi shi da ƙafa. Inna ta ce ita da hawa gwangwani har abada, don haka Tela, da yake dogo ne, shi ya riƙe bakin tef a alamar sama, Inna na tsaye a gindinsa tana ba da umarni.

"Gaba huɗu," in ji Auta daga kan kujera a ƙuryar ɗakin kwana, ta yi alama.

"Matso," in ji Inna. Tela ya matsa.

"Ni da na zo ƙara, an mayar da ni ɗan kwangila," in ji shi.

"Rufe baki ka ɗaga hannu."

A ƙuryar, dogon bango ya ƙare, wani gajere ya karya dama, wanda ya raba ɗakin da banɗaki. Jikinsa kuwa wata ƙatuwar kabad ce ta katako, tun daga ƙasa har kusan silin. Marigayin ne ya haɗa ta a cikin ɗakin, don ba ƙofar da za ta shige, tun ranar kuma ba wanda ya gusa ta. Auta ta ja tef ta saman kabad ɗin, ɗaya da rabi ya faɗa daidai tsakiyarta.

"Sai a sauko mita ɗaya. Yana bayan kabad."

Mai Bene ya taso daga kujerarsa a karo na farko. "Wannan ai ba shi ne bangon da ya jiƙe ba. Kuna ɓata wa mutane lokaci."

"Raminmu ne, ranka ya daɗe," in ji Inna. "Saura ɗaya ka ce. Inda muka ga dama za mu haƙa shi." Muryarta ta fito da ƙarfi, amma a ranta ba ta tabbata ba. In ƙafar tata ce ta yi ƙarya fa? In wani gidan ne ta riƙe masa tef, ta haɗa da wannan?

Aka kwashe kayan ciki aka zube a gado. Guduma da Tela suka sa kafaɗa, Nas na cewa a durƙusa da gwiwa kada baya ya riƙe, ita ba za ta duba kowa ba yau. Kabad ta yi wani gurnani ta gusa taki ɗaya, ta gusa biyu. Wani wari ya bugo su, irin na rigar da aka manta a cikin bokiti.

Bangon baya ya yi baƙi ƙirin, ya yi gansakuka, tun daga tsayin ƙugu har ƙasa. Wani siririn ruwa na bin jikinsa yana sheƙi, yana shigewa ƙarƙashin daɓe ba ko sallama. Bayan kabad ɗin ma ya ruɓe, yatsa na shiga. Auta ta sauke tef daga alamar sama, mita ɗaya, allinta ya sauka daidai inda baƙin ya fara.

Can Tela ya ce, "Wato da tun Laraba an ture wannan akwatin gawar..."

"Kabad ɗin mijina ce, ka iya bakinka."

Guduma ya ɗaga guduma. Inna ta riƙe masa hannu. "A hankali, ɗan nan. Kamar kana ƙwanƙwasa ƙofar surukai." Ya ƙwanƙwasa sau uku, filasta ta faɗo kamar jiƙaƙƙen biredi, ga gwiwar bututu ta yi tsatsa ta tsage. Iska na taɓa ta ruwa ya yi tsartuwa, siriri mai ƙarfi, ya tsallake kan Guduma ya sami Mai Bene a ƙirji, daidai aljihun da wayarsa take.

Auta ta ruga ta kashe makunni. Nas ta zauna a bakin gado tana dariya har da hawaye. Guduma ya leƙa ramin ya ce aikin minti arba'in ne, gwiwa ɗaya za a canza, yana da ita a jaka.

"Ranka ya daɗe," in ji Inna, "na ukun bai fito a bushe ba. Kai ma shaida ne."

Mai Bene na goge waya da gefen riga. Ya dubi dogon bangon da ya so a sassaƙe, wanda ba abin da ya same shi sai jiƙar maƙwabtaka. Ya ce ramukan nan biyu dai ba shi zai toshe ba. Auta ta ce ta ji, ita ta fasa, ita za ta toshe. Ya ɗauki makullansa ya sauka, ya manta da sallama.

Da yamma, Guduma ya gama ya tafi, ɗigar shagon Tela ta tsaya, ko da yake shi bai daina ba da labari ba. Uwa da 'ya suka zauna a ƙasa cikin tarin kaya, taga a buɗe don bango ya sha iska. Auta ta ɗauko takarda ta zana kibiyoyi huɗu, kan kowace a wutsiyar ta gaba, ta ja wata doguwa daga farko zuwa ƙarshe.

"Kin gani, Inna? Wannan doguwar ita ce jimlarsu. Ita ce ta ba mu matsayin."

Inna ta karɓa ta duba, ta juya takardar ta sake dubawa. "Wannan doguwar ta ratsa ta tsakiyar ɗaki. Ba bututu a nan."

"Ba bututu ba ce, lissafi ne."

"To ruwan ta wacce yake bi?"

"Ta gajerun."

"Ita doguwar me take yi?"

Auta ta yi dariya. "Inna, ranar Talata ki zo ajina ki riƙe mana tef. Yaran nan wata guda ina fama da su, sun kasa raba matsayi da kibiya. Ke kika raba su da kalma ɗaya."

"Ni ban raba komai ba, har yanzu ban san me ya faru ba." Inna ta miƙe ƙafafu ta jingina da gado. "Kuma in fita daga gidan nan ranar Talata, bango bai bushe ba, mutumin can na yawo da kwaɗo a aljihu? Ba inda za ni. In suna so su koya, su zo nan. Su cire takalmi a ƙofa, kuma kowa ya zo da tef ɗinsa."